Singilton da `static` a kan Tomcat: lambar fatura tana maimaituwa, aji kuma ya ƙi tashi bayan an sake kunna saba

Ɗan_Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa injiniyoyi, ina neman haske a kan wata manhaja ta kama ɗakunan otal da fitar da fatura ga masu zuwa Umara. Da Java 17 da Spring aka rubuta ta, ana ɗora ta a matsayin WAR, wato kunshin manhajar yanar gizo ta Java, a kan Tomcat 10.1, manhajar saba mai gudanar da ita, rumbun bayanai kuma PostgreSQL ne. Da can saba ɗaya ce, yanzu an mai da su uku a bayan mai raba lodi saboda cunkoson Ramadan.

A cikinta akwai aji mai suna `FaturaManager`, singilton ne irin na da, wato ajin da kwafi ɗaya tak ake ƙirƙira daga gare shi, mai `getInstance()` da aka sa wa `synchronized`. A sashensa na `static` yake buɗe HikariCP, mai riƙe haɗe-haɗe da rumbu, ya karanta satifiket ɗin ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastam ta Saudiyya, daga faifai, ya ɗauko lambar fatura ta ƙarshe daga rumbu ya zuba a `AtomicLong`.

Matsaloli uku ne. Wani lokaci idan aka sake kunna sabobin da dare, ɗaya daga cikinsu sai ta riƙa jefo `NoClassDefFoundError: Could not initialize class FaturaManager` a kowace fatura, alhali JAR, fayil ɗin da ke ɗauke da ajin, yana nan a wurinsa. Sannan tun da aka koma saba uku ana samun fatura biyu masu ICV ɗaya, wato lambar jerin fatura. Na uku, idan aka sake ɗora WAR 'yan lokuta ba tare da an kashe Tomcat ba, sai `OutOfMemoryError: Metaspace`, wato wurin ajiye azuzuwa a memori ya cika, ko PostgreSQL ya ce `too many clients already`. Shin cuta ɗaya ce ko uku? Kuma daga ina ya kamata a fara?

Injiniya_Madina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, cuta ɗaya ce ta fito ta kafa uku. Bari in ɗauki ta farko.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman JAR, babu abin da ya ɓace. An sami ajin, an loda shi, an shiga gudanar da sashensa na `static`, sai ya faɗi a tsakiya. Ƙa'idar harshen Java a sashe na 12.4 ta ce sau ɗaya tak ake wannan gwaji. Zaren da ya fara taɓa ajin shi ne zai ga `ExceptionInInitializerError` tare da ainihin dalili. Daga nan JVM, injin da ke gudanar da Java, ta yi wa ajin tambarin lalacewa, duk wanda ya zo baya `NoClassDefFoundError` zai samu, har sai an jefar da mai loda ajin gaba ɗaya. Ko da rumbun ya dawo bayan daƙiƙa biyar, ajin ba zai sake gwadawa ba.

Don haka ka koma log ɗin sabar da abin ya shafa, ka nemo `ExceptionInInitializerError` na farko bayan lokacin kunnawa, ka karanta layin `Caused by` na ƙasansa. Ina kyautata zaton `PoolInitializationException` za ka gani. HikariCP a yadda yake zuwa, idan ka ba shi tsarinsa a wajen ƙirƙira, nan take yake neman haɗi ɗaya da rumbu, in bai samu ba ya jefo kuskure. Da dare kuwa ana kunna komai kusan tare, wata sabar takan riga rumbun ko DNS shiryawa. Shi ya sa ba kullum abin ke faruwa ba, kuma ba a saba ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne manhajar tana tashi lafiya a idon mai raba lodi. Shafin duba lafiya yana amsa 200, domin bai taɓa `FaturaManager` ba, sai a ci gaba da turo mata kashi ɗaya cikin uku na baƙi, kowa ya zo biyan kuɗi ya ci karo da kuskure. Gara a ce ta ƙi tashi ƙiri-ƙiri.

Gyaran: a kwashe duk abin da ke taɓa faifai, rumbu ko intanet daga sashen `static`. `DataSource` ya zama wake na Spring, wato abin da aka ayyana da `@Bean`, satifiket ma haka, a miƙa su ga `FaturaManager` ta hanyar maginin ajin. Idan rumbun bai shirya ba, Spring zai kasa tashi, Tomcat ba zai buɗe manhajar ba, mai raba lodi zai cire sabar daga layi. Idan kuma so ake ta tashi ta jira rumbun, a sa `initializationFailTimeout` ya zama -1, amma da sharaɗin shafin duba lafiya ya riƙa gwada haɗi na gaske da rumbu kafin ya ce lafiya.

Akwai wani haɗarin da ba ka ambata ba, amma tsarin naku ya buɗe masa ƙofa. Kowane aji yana da makulli na kansa da ake riƙewa muddin ana gudanar da sashen `static`. A ce sashen `static` na `FaturaManager` yana kiran `ConfigLoader`, na `ConfigLoader` kuma yana kiran `FaturaManager`. Da zare ɗaya ba za a ga cijewa ba, sai dai wani gurbi ya fito `null` ba tare da an san dalili ba. Da zare biyu da suka shigo lokaci guda ta ƙofofi daban, kowanne zai riƙe makulli ɗaya yana jiran na ɗan'uwansa har abada. `jstack`, mai nuna halin zare, ba ya lissafa wannan a cikin sarƙewar da yake ganowa da kansa, kuma zaren sukan fito a matsayin `RUNNABLE`, don haka sai ka nemi `<clinit>` da idonka a cikin jerin kiraye-kirayen. Irin haka yake faruwa idan uban aji ya ajiye ɗansa a gurbin `static`, ko aka yi amfani da `parallelStream()` mai lamda a cikin sashen `static`: zaren `ForkJoinPool` suna jiran ajin ya gama tashi kafin su gudanar da lamdar, ajin kuma yana jiran su.

Muhandisa_Dammam

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a ganina da ta biyu za ku fara, yau ɗin nan, domin ita ce ke barin tabo a bayanan haraji. Sauran biyun ana sake kunna saba su wuce, wannan kuwa ba ta gogewa.

Singilton ɗaya ne a cikin mai loda aji ɗaya, a cikin JVM ɗaya. Iyakar alkawarinsa ke nan. Kamar sarki ne, shi kaɗai ne a garinsa, amma gari na gaba ma da nasa. Sabobi uku, `AtomicLong` uku. Dukkansu sun karanta lambar ƙarshe a lokacin tashi, a ce 5000, kowacce kuma ta fitar da 5001 nata. `synchronized` da `AtomicLong` suna tsare zare daga zare a cikin JVM guda, ba su da labarin wata na'ura. Ko a cikin Tomcat ɗaya ma, idan JAR ɗin yana cikin `WEB-INF/lib` na manhajoji biyu, singilton biyu ne, saboda kowace manhaja da mai loda ajinta.

Kuma ba lambar kaɗai ta lalace ba. A mataki na biyu na tsarin Fatoora, wato tsarin faturar lantarki na ZATCA, wanda ya fara aiki 1 ga Janairu 2023 rukuni-rukuni, kowace fatura tana ɗauke da ICV da kuma PIH, wato hash ɗin SHA-256 na faturar da ta gabace ta daga na'urar fitarwa guda. Sarƙa ce, kowace tana riƙe da ta bayanta. Idan sabobi uku suna sa hannu da satifiket ɗaya, kowacce tana tuna hash nata na ƙarshe a cikin memori, to sarƙar ta rabu gida uku. Ku duba teburin faturorin, ku tara su bisa ICV da bisa PIH, duk inda ƙidaya ta wuce ɗaya ku ware, ku kai wa mai kula da harajin kamfanin kafin a taɓa komai a cikinsu.

Hanyar da nake ba da shawara: tebur ƙarami a PostgreSQL, layi ɗaya ga kowace na'urar fitarwa da aka yi wa rajista, mai ɗauke da ICV na ƙarshe da hash na ƙarshe. Idan za a fitar da fatura, a buɗe mu'amala da rumbu, a kama layin da `SELECT ... FOR UPDATE`, a ƙara ɗaya a lambar, a gina XML, a lissafa hash, a sa hannu, a ajiye faturar, a sabunta layin, sannan a yi `COMMIT`. Duk sabar da ta zo a tsakiya za ta tsaya a bakin layin har a sake shi. Kada a yi amfani da `SEQUENCE` a nan. Lambar da ya bayar ba ta komawa idan aka yi `ROLLBACK`, sai a sami giɓi, kuma ba ya riƙe hash tare da lambar.

Kada kuma a riƙe makullin layin ana jiran amsar ZATCA ta intanet. Faturar da aka sauƙaƙa, irin ta mutum ɗaya da ya kama ɗaki, ana da awa 24 na kai rahotonta, don haka a ajiye ta a layin jira wani aiki na baya ya tura. Faturar kamfani zuwa kamfani sai an tantance ta kafin a miƙa wa mai saye, amma ita ma a rufe mu'amalar rumbu tukuna sannan a tura. Lissafin mai sauƙi ne: idan riƙon makulli yana cin milisakan 50, sarƙa ɗaya za ta ɗauki fatura 20 a daƙiƙa. Idan aka haɗa da jiran intanet ya zama daƙiƙa 2, an koma fatura 30 a minti, layukan HikariCP guda 10 kuma duk za su cika da masu jira.

Wannan aikin na baya ma ku kula da shi. `@Scheduled` yana gudana a kowace saba, wato sau uku. Ko a sa masa ShedLock, mai hana saba fiye da ɗaya gudanar da shi lokaci guda, ko ya riƙa ɗaukar aiki daga tebur da `FOR UPDATE SKIP LOCKED`, wanda PostgreSQL ke da shi tun sigar 9.5.

Ɗan_Jidda

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Muhandisa. Log ya nuna `PoolInitializationException` kamar yadda aka faɗa. Tambaya biyu: wani abokin aiki yana ganin idan aka mai da ajin `enum`, ko aka yi amfani da ƙaramin ajin ciki mai riƙe da shi, an gama. Haka ne? Sannan batun Metaspace fa, ƙara masa girma zai wadatar?

Abu_Makka

Assalamu alaikum. Malam Ɗan Jidda, ƙara `-XX:MaxMetaspaceSize` jinkirta faɗuwar kawai zai yi.

Idan aka sake ɗora WAR, Tomcat yana sakin tsohon mai loda aji ya ƙirƙiri sabo. Mai share memori ba zai iya kwashe tsohon ba sai in babu wani abu mai rai da ke nuni gare shi. Kowane abu yana riƙe da ajinsa, kowane aji yana riƙe da mai loda shi, shi kuma yana riƙe da dukkan azuzuwan da ya loda da duk abin da ke gurabensu na `static`. Zare ɗaya da aka manta ba a kashe ba ya isa ya daure dubban azuzuwan Spring a Metaspace. HikariCP da aka buɗe a sashen `static` babu mai kiran `close()` a kansa, zarensa na kula da gida yana nan yana aiki, yana ma sabunta haɗe-haɗensa.

Daga nan `too many clients` ya fito. HikariCP yana riƙe haɗi 10 in ba a canza ba, kuma ba ya rage su ko babu aiki, domin `minimumIdle` daidai yake da `maximumPoolSize`. Saba uku, haɗi 30. Kowace sake ɗorawa tana barin tsofaffi 30 ta buɗe sababbi 30. PostgreSQL yana zuwa da `max_connections` 100, uku daga ciki an keɓe wa mai gudanarwa. Ɗorawa ta farko 30, ta biyu 60, ta uku 90, ta huɗu ta fasa.

Tomcat da kansa yana faɗa, mutane ne ba sa karantawa. Nemi `appears to have started a thread named` a `catalina.out` bayan an sauke manhajar, da kuma gargaɗin `ThreadLocal` da ba a cire ba da na direban JDBC da ba a soke rajistarsa ba. Don tabbatarwa, gudanar da `jcmd <pid> VM.classloader_stats`, ka ƙirga `ParallelWebappClassLoader` nawa ne. Idan sun fi yawan manhajojin da ke kan sabar bayan `jcmd <pid> GC.run`, akwai yoyo. Sai ka ɗauki hoton memori da `jcmd <pid> GC.heap_dump`, ka buɗe a Eclipse MAT, ka bi hanyar da ta taso daga tsohon mai loda ajin zuwa tushen da ke riƙe da shi, bayan ka cire raunanan nuni. Sunan mai laifin zai fito a saman hanyar.

Idan `DataSource` ya koma hannun Spring, shi zai kira `close()` a lokacin saukewa. Duk `ExecutorService` da kuka ƙirƙira da hannu a ba shi `shutdown()` a cikin `@PreDestroy`. Duk `ThreadLocal` da aka cika a farkon buƙata a kira `remove()` a cikin `finally`, saboda zaren Tomcat ba sa mutuwa bayan buƙata, komawa suke su jira ta gaba. A nan ba yoyon memori kaɗai ba ne: idan abin da aka ajiye lambar otal ce ko sunan ma'aikaci, buƙata ta gaba za ta iya gadon na wani. Direban PostgreSQL kuma ya fi zama a `lib` na Tomcat, a cire shi daga cikin WAR.

Ni dai a sabar da ke hidima ga jama'a ban yarda da sake ɗora WAR a kan Tomcat mai gudana ba. Tunda kuna da uku, a cire ɗaya daga mai raba lodi, a kashe JVM gaba ɗaya, a ɗora, a kunna, a mayar da ita, a wuce ta gaba.

Injiniya_Madina

Game da `enum` da ajin ciki, abokin aikin naka ya amsa wata tambaya ce daban. Dukkan hanyoyin biyu suna tabbatar da cewa zare biyu ba za su ƙirƙiri abu biyu ba a cikin mai loda aji ɗaya, kuma sun fi kulle mai duba sau biyu, wanda bai zama daidai ba sai daga Java 5 a 2004, shi ma sai an sa `volatile`. Amma da me suke tabbatar da hakan? Da makullin tashin aji ɗin nan da na yi bayani. Maginin `enum` a cikin sashen `static` yake gudana. Idan ya buɗe rumbu ya faɗi, `NoClassDefFoundError` ɗin nan dai za ka sake gani, sunan aji ne kawai zai canza. ICV kuma zai ci gaba da zama uku. Suna da kyau ga abin da ba ya canzawa kuma ba ya buƙatar komai daga waje, kamar teburin lambobin ƙasashe ko `Pattern` da aka harhaɗa.

Kuma kada a ɗauka komawa Spring ya kawar da singilton. Waken Spring ɗaya ne a kowane `ApplicationContext` in ba a ce akasin haka ba, zaren Tomcat kuma har 200 suna iya shiga cikinsa lokaci guda. Gurbi irin `private Fatura current` a cikin `@Service` zai sa sunan baƙo ya hau kan faturar wani. Abin da ya shafi buƙata ɗaya ya zauna a cikin aikin da ke gudana, a miƙa shi hannu da hannu.

Tunda kun buɗe ajin, ku duba abu uku da na san ana yawan samu a manhajojin nan Saudiyya. `static SimpleDateFormat` ba ya jure zare da yawa, yana ajiye lissafinsa a cikin `Calendar` guda, a lokacin cunkoso sai ya fitar da kwanan wata na wani ba tare da ya jefo kuskure ba. A maye shi da `DateTimeFormatter`, wanda ba ya canzawa. Don kwanan Hijira akwai `HijrahChronology` tun Java 8, bisa kalandar Ummul Ƙura yake. Sai `TimeZone.setDefault()` da `Locale.setDefault()`: waɗannan na JVM ne gaba ɗaya, manhaja ɗaya ta kira su ta canza wa duk maƙwabtanta a kan Tomcat ɗin. A rubuta `ZoneId.of("Asia/Riyadh")` a inda ake buƙata.

Na ukun shi ne adadin haraji. Idan aka rubuta `public static final int VAT = 15`, mai harhaɗa Java yana kwafe lambar ya dasa ta a cikin kowane ajin da ya ambace ta. Ka canza ta a JAR ɗaya ba ka sake harhaɗa sauran ba, za su ci gaba da tsohuwar. Harajin nan ya fara da kashi 5 a 1 ga Janairu 2018, ya koma kashi 15 a 1 ga Yuli 2020, don haka abu ne mai kwanan wata. Wurinsa tebur ne mai ranar farawa da ranar ƙarewa, domin takardar mayar da kuɗi a kan tsohuwar fatura tana buƙatar adadin wancan lokacin. Lissafin kuma da `BigDecimal`, ba `double` ba.

Abu_Makka

Muhandisa, akwai wata hanyar ga ICV: a yi wa kowace saba rajista a matsayin na'urar fitarwa mai zaman kanta, da satifiket nata da sarƙarta. Babu mai jiran wani.

Muhandisa_Dammam

Haka ne, Abu Makka, tsarin ya yarda da na'urori da yawa, kuma idan faturorin sun fi ƙarfin sarƙa ɗaya dole a raba. Amma ban so a ɗaure na'urar fitarwa da sabar kanta. Saba takan mutu tsakanin sa hannu da ajiyewa, akan sauya ta, akan ƙara ta huɗu a goman ƙarshe na Ramadan a cire bayan Salla, kowace sabuwa kuma sai an nemo mata OTP, lambar sirri ta amfani sau ɗaya, daga shafin Fatoora an yi rajista. Ko an raba ɗin ma, lamba da hash a rumbu za su zauna, ba a memori ba. Gara a raba bisa reshe ko bisa otal: layi ɗaya a teburin ga kowane reshe, kowace saba tana iya kama kowane layi.

Ɗan'uwa, kafin ku ɗora gyaran ku gwada shi haka a wurin gwaji. Ku tayar da kwafi uku a kan rumbu ɗaya, ku aika buƙatar fatura 3000 da zare 60 ta JMeter, a tsakiyar gwajin ku kashe kwafi ɗaya da `kill -9`. Bayan an gama, lambobin ICV na kowane reshe su jeru babu giɓi babu maimaici, PIH na kowace fatura ya yi daidai da hash na wadda ta gabace ta, kuma `LAG()` a kan ICV zai nuna muku wannan da tambaya ɗaya. Sannan ku kashe PostgreSQL, ku kunna Tomcat, ku ga ko mai raba lodi ya ƙi tura mata kowa, ku kunna rumbun ku ga ko ta karɓi aiki kamar yadda kuka tsara. Daga ƙarshe ku sauke manhajar ku duba `pg_stat_activity`, haɗe-haɗenta su koma sifili.